Sayen Tayar Mota da Ɗaura Ta cikin Rahusa ba tare da Sayar da Rai ba

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. karanta lambobin da ke gefen taya, ya gane wadda ta dace da motarsa;
2. gano shekarun taya da sauran zanen da ya rage mata;
3. lissafa ainihin tsadar taya gwargwadon aikin da za ta yi;
4. bambance inda ake iya rage kuɗi da inda ragewar ke jawo haɗari;
5. sa ido a kan aikin mai faci yayin ɗaura taya da ba ta iska.

1. Abin da ya sa taya ta yi tsada

Duk nauyin mota da gudunta da birkinta suna ratsawa ne ta wurare huɗu inda roba ke taɓa kwalta, kuma kowanne daga cikinsu bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Saboda haka lafiyayyen inji da sabon birki ba su da wani amfani idan robar da ke ƙasa ta gaza riƙe hanya.

A Nijeriya an taɓa ƙera tayoyin mota a cikin gida, har zuwa lokacin da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya dakatar da tasa ta Ikeja a 2008. Tun daga nan kasuwa ta dogara ga tayoyin da ake shigowa da su daga waje, abin da ya ɗaure farashinsu ga darajar dala, kuma hakan ya fito fili bayan faɗuwar naira a 2023. Mai motar gida da direban haya duk sun shiga neman sauƙi, kuma neman sauƙin ba laifi ba ne. Karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado tana da gaskiya a nan, amma ba ɗungurungum ba, domin akwai taya mai rahusa wadda ba ta da aibi, akwai kuma wadda arahar tata daga lalacewa ta samo asali.

2. Rubutun gefen taya

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefenta, kuma wanda ya iya karanta shi ba ya buƙatar dogara ga bakin mai sayarwa. Girman da ya dace da mota da yawan iskar da take buƙata suna rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin motar, kuma nan ya kamata a fara dubawa kafin a shiga kasuwa.

> Akwatin ma'ana na 1
> Lambar girma: jerin lambobi da ke nuna faɗin taya da tsayin gefenta da girman rim ɗin da za ta hau.
> Rim: da'irar ƙarfe da taya ke zama a kanta.
> Lambar nauyi: lamba da ke wakiltar iyakar nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka.
> Harafin gudu: harafi da ke wakiltar iyakar gudun da aka gwada tayar a kansa.

*Misali na 1.* An rubuta 195/65 R15 91H a gefen wata taya. Lamba 195 ita ce faɗinta da milimita. Lamba 65 tana nufin tsayin gefenta ya kai kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 127. Harafin R yana nuna yadda aka jera zaren cikinta, wanda shi ne ginin da kusan duk ƙananan motoci ke amfani da shi yanzu, sannan 15 girman rim ne da inci. Lamba 91 tana nufin kilo 615, H kuma kilomita 210 a awa, kamar yadda T ke nufin 190, V kuma 240.

Lambar nauyi ce aka fi yin sakaci da ita, alhali ita ce ta fi shafar yadda ake amfani da mota a wannan yanki. Tayoyi huɗu masu lamba 91 suna ɗaukar kilo 2,460 gaba ɗaya, amma idan aka musanya su da masu lamba 82, waɗanda kowacce ke ɗaukar kilo 475, jimillar za ta koma kilo 1,900, an rasa kilo 560 ke nan, fiye da nauyin buhu biyar masu kilo ɗari-ɗari. Motocin haya irin su Hiace suna buƙatar taya mai harafin C a ƙarshen lambar girma, kamar 195 R15C, wadda aka ƙarfafa cikinta don ɗaukar kaya. Sanya wa bas mai cike da fasinja tayar ƙaramar mota, don kawai ta hau rim ɗin kuma kuɗinta bai kai ba, ganganci ne da rayukan mutanen da ba su san an yi ba.

3. Shekarun taya

Roba tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, domin iska da zafi da hasken rana suna busar da ita, sai ta taurare ta fara tsattsagewa, haɗin da ke tsakaninta da wayar ciki kuma ya yi rauni. Wannan tsufa ya fi sauri a ƙasashe masu zafi, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba.

> Akwatin ma'ana na 2
> Lambar ƙira: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara.

*Misali na 2.* Idan jerin ya ƙare da 1422, an ƙera tayar a mako na 14 na shekarar 2022, wato farkon watan Afrilu. Idan lambobin uku ne kacal, tayar ta girmi shekarar 2000, kuma ba ta da sauran aiki a kan hanya. Sau da yawa lambar tana gefe ɗaya ne kawai, don haka sai an juya tayar a duba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Wasu kamfanonin motoci suna ba da shawarar shekara shida, Michelin kuma tana cewa a riƙa kai taya wurin masani kowace shekara bayan ta yi biyar tana aiki, kada kuma ta wuce goma ko da tana da kyan gani. Bambancin ma'aunan ba zai rikita mai saye ba idan ya riƙe abu ɗaya: tayar da ta daɗe a ajiye ta riga ta cinye wani ɓangare na rayuwarta, saboda haka ragin da aka yi a kanta sai an auna shi da shekarun da ta rasa. Duk tayar da aka kankare lambar ƙirarta, ko aka ga alamar an liƙa wata a kai, a bar ta komai sauƙinta.

4. Zanen taya da lissafin araha

Ramukan da ke fuskar taya su ke fitar da ruwa daga ƙarƙashinta lokacin damina. Idan suka suɗe, ruwa yakan shiga tsakanin roba da kwalta, motar ta riƙa sulɓi, sitiyari da birki kuma su daina jin magana.

> Akwatin ma'ana na 3
> Zane: ramuka da tudun da ke fuskar taya, inda take taɓa hanya.
> Alamar suɗewa: ɗan tudun roba a cikin ramin zane, mai tsayin milimita 1.6, wanda akan nuna wurinsa da haruffan TWI ko ƙaramar kibiya a kafaɗar taya.

Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zurfin zane na kimanin milimita 8, kuma da zarar fuskarta ta yi daidai da alamar suɗewa aikinta ya ƙare. Wanda ba shi da ma'auni yana iya tsoma tsinken ashana cikin ramin, ya yi alama da farce, ya auna a jikin rula, kuma ya yi hakan a wurare da dama, domin taya takan ci ta gefe ɗaya.

*Misali na 3.* Farashin da ke nan na misali ne kawai, don koyon lissafi. Wani malamin makaranta ya sami sabuwar taya a kan naira 60,000 da kuma ta hannu mai zurfin milimita 3.2 a kan naira 25,000. Zanen da za a mora a sabuwar shi ne 8 a debe 1.6, wato milimita 6.4, kowace milimita ta tashi a kan naira 9,375. A ta hannu kuwa 3.2 a debe 1.6 ya bar milimita 1.6, kowace milimita ta tashi a kan naira 15,625. Kafin sabuwar ta ƙare zai sayi irin ta hannun har huɗu, naira 100,000 ke nan, ban da kuɗin ɗaurawa sau huɗu. Tayar da ta fi sauƙi a shago ita ce ta fi tsada a kan hanya.

5. Tayoyin hannu

Tayoyin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, suna cikin jerin kayan da Nijeriya ta hana shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin motocin kaya da ake kawowa don sabunta fuskarsu, amma duk da haka suna cike da kasuwanni saboda buƙatar jama'a. Matsalarsu ta farko ita ce ba a san tarihinsu ba. Tayar da ta taɓa faɗawa rami da gudu, ko aka yi tafiya da ita babu iska, zaren cikinta yakan tsinke ba tare da an gani daga waje ba.

Matsala ta biyu ita ce da yawa daga cikinsu tayoyin sanyi ne, waɗanda ake gane su da hoton tsauni mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, da kuma 'yan siraran tsagu masu yawa a fuskarsu. An yi robarsu da taushi don ta riƙe hanya idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma irin wannan roba a kan kwaltar Kano zuwa Maiduguri tana saurin ci, tana kuma tsawaita nisan da mota ke yi kafin birki ya tsayar da ita. Zanensu mai zurfi yana ruɗin mai saye ya zaci ya yi dace.

Akwai kuma dabarar cusa tayoyi da dama cikin juna don rage kuɗin jigila, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta sha yin kame a kanta. Ana yin ta har da sababbin tayoyi, kuma tana lanƙwasa wayar da ke cikin leɓen taya, wato bakin da ke kama rim. Mafi muni shi ne sake yanka zane a kan suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi, domin ramin da aka yanka yana isa kusa da wayar ciki. Manyan tayoyin motocin kaya da aka ƙera musamman don haka ne kaɗai ke jure wannan aiki, tayar ƙaramar mota ba ta da kaurin da za ta ɗauke shi. Ana gane tayar da aka sake yanka wa zane da ramuka marasa daidaito da kuma rashin alamar suɗewa.

Wanda hali ya tilasta masa sayen ta hannu, ya duba ta kafin a ɗaura ta a rim: ya karanta lambar ƙira, ya shafa cikinta da hannu don jin faci ko garin roba, wanda alama ce ta tafiya babu iska, ya matsa gefenta don ganin tsaga, ya duba leɓenta ko ya yage. Bayan an ba ta iska ya sake dubawa, domin kumburi a gefe yana nufin zaren ciki ya tsinke, kuma babu gyaran da ke warkar da shi. Irin wannan taya, ko ta tsallake duk gwajin, ta fi dacewa da zirga-zirgar cikin gari a kan doguwar tafiya da kaya.

6. Inda ake iya rage kuɗi

Wuri mafi aminci na rage kuɗi shi ne sunan kamfani. Tsakanin manyan sunaye irin su Michelin da Bridgestone da Goodyear, da tayoyin da ba a san mai ƙera su ba, akwai kamfanonin Koriya ta Kudu da Taiwan da Sin waɗanda suke da suna da wakilai, kuma sabuwar tayar ɗayansu mai daidai girma da lambar nauyi ta fi tsohuwar tayar babban kamfani. Yawancin tayoyi suna ɗauke da darajar jure zafi, A ko B ko C, a gaban kalmar Temperature, kuma A ce ta fi dacewa da mai doguwar tafiya a bazara.

Yana da kyau a tambayi shago fiye da ɗaya, a kuma nemi farashi dunƙule wanda ya haɗa taya da sabon bawul da ɗaurawa da daidaita nauyi, a karɓi rasit mai ɗauke da girma da lambar ƙira. Idan kuɗin huɗu bai samu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a layi ɗaya, hagu da dama. Kamfanonin taya suna ba da shawarar a sa sababbin a baya ko da ƙafafun gaba ne ke jan motar, saboda idan gaba ya zame direba yana ji a sitiyari ya rage gudu, amma idan baya ya zame motar juyawa take yi. Wannan ya saɓa wa abin da direbobi da yawa suka saba, kuma a nan shawarar masu ƙira ce abin bi.

7. Ɗaurawa da iska

Taya mai kyau tana iya lalacewa a hannun mai gaggawa tun kafin ta taka hanya. Masu faci da yawa ƙwararru ne, amma aiki da guduma da ƙarfe yakan yage leɓen taya, shi ya sa wurin da ke da injin cirewa ya cancanci ɗan ƙarin kuɗinsa. Ruwan sabulu ake shafa wa leɓen don ya zauna, ba baƙin mai ba, wanda ke ɓata roba. Zuba fetur a kunna wuta don taya ta kama rim aiki ne da ke iya ƙona mutum ya kuma raunana tayar, kuma mai mota yana da haƙƙin hana shi. Idan akwai kibiya da kalmar Rotation a gefe, dole ta fuskanci inda tayar ke juyawa, idan kuma an rubuta Outside, wannan gefen ne zai dubi waje. Ana ɗaure notuna a giciye, ɗaya da na gabansa, ba bi-da-bi ba, ba tare da an hau kan sifana da ƙafa ba, sannan a sake taɓa su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

> Akwatin ma'ana na 4
> Daidaita nauyi (balansin): maƙala ƙananan ƙarafa a rim don ƙafar ta juya ba tare da karkarwa ba.
> Saitin ƙafa (alaimen): gyara kusurwar ƙafafun mota don tayoyi su taka hanya sosai.
> PSI: ma'aunin ƙarfin iskar da ke cikin taya.

Karkarwar sitiyari a kan babbar hanya alama ce ta rashin daidaiton nauyi, cin taya ta gefe ɗaya ko jan mota zuwa hannu ɗaya kuma alama ce ta lalacewar saiti. Sanya sabuwar taya a motar da saitinta ya goce asarar kuɗi ce, domin cikin 'yan watanni gefe ɗaya zai suɗe.

Yawancin ƙananan motoci suna buƙatar iska tsakanin PSI 30 da 35, amma adadin da ke ginshiƙin ƙofa shi ne hukunci. Lambar iska da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake so a sa ba. Ƙarancin iska yana sa gefen taya ya riƙa lanƙwashewa yana tara zafi har ta fashe, yana kuma ƙara shan mai, yawanta kuwa yana cinye tsakiyar zane ya rage riƙon hanya. Ana aunawa da safe kafin a yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata, har da tayar safaya, kuma ba a sace iskar taya mai zafi a tsakiyar tafiya, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Buga taya da ƙarfe ko danna ta da yatsa ba awo ba ne, kuma ƙaramin geji na kai bai kai kuɗin taya ɗaya ba ko kusa. Musanya wa tayoyi wuri bayan kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana sa su ci daidai.

Game da faci, hujin da ke fuskar zane wanda bai wuce milimita 6 ba shi ake gyarawa, kuma gyaran da ya inganta shi ne a cire tayar a duba cikinta a liƙe daga ciki. Igiyar robar da ake cusawa daga waje ta kai mutum gida ce kawai. Huji ko yanka a gefen taya ba shi da faci, sai canji.

Tambayoyin bita

1. A fassara kowane ɓangare na wannan rubutu: 205/55 R16 91V.
2. Jerin DOT na wata taya ya ƙare da 4019. A wane mako da shekara aka ƙera ta, kuma a wace shekara wa'adinta ya cika bisa gargaɗin FRSC?
3. Sabuwar taya mai zurfin milimita 8 tana kan naira 80,000, ta hannu mai milimita 4 kuma tana kan naira 36,000. A lissafa kuɗin kowace milimita da za a mora a kowaccensu, a faɗi wadda ta fi araha.
4. Me ya sa tayar sanyi ba ta dace da hanyoyin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ba, kuma da wace alama ake gane ta?
5. A kawo abubuwa huɗu da ake dubawa a tayar hannu kafin a biya kuɗinta.
6. Direba ya sayi sababbin tayoyi biyu kacal. A ina ya kamata a sa su, kuma me ya sa?
7. Mai faci ya ba taya iska daidai da lambar iska da ke gefenta. Ina kuskurensa, kuma a ina ake samun adadin da ya dace?
8. Aikin gida: a duba tayoyin wata mota da izinin mai ita, a rubuta lambar girma da lambar ƙira da zurfin zanen kowacce, a kawo sakamakon aji na gaba.